Na tsinci bindigar kakana a rufin ɗaki, ta ina zan bi tarihinta?

Sani mai walda, Bagalam

Assalamu alaikum. Ina da tambaya, amma sai na ɗan yi shimfiɗa kafin in kai gare ta, ku yi haƙuri da ni.

Damanar 2024 ta ci mana ɗaki biyu a gidanmu na gado. Ɗaya ya zube gaba ɗaya. Ɗayan, wanda kakanmu ya zauna ciki har Allah ya karɓi ransa a 1988, ya tsage daga sama har ƙasa, muka tokare shi da itace muka bar shi haka. Sai watan jiya muka haɗa kuɗin bulo da siminti aka ce a rushe. Ni na hau sama da kaina don kada yara su karya azarar, domin ta giginya ce irin ta da, wadda yau ko da kuɗinka ba ka samu. Ina ɗaga ta huɗu daga bango sai na ga wani abu dogo an cusa shi tsakanin azara da zana, an naɗe da fatar akuya an ɗaure da igiya. Na zaci takobi ne. Da na kwance, ƙarƙashin fatar akwai tsumma da ya sha mai har ya bushe ya yi ƙarfi kamar kwali, cikin tsumman kuwa bindiga.

Na sallami leburori na ce rana ta yi, a dawo gobe. Ban san me suka ɗauke ni ba, don ko ƙarfe goma ba ta yi ba.

Ga yadda take. Gajera ce, na auna ta da mitata, santimita 94 da ɗan kai. Itacenta yana da tumbi a gaban kunama kamar ɗan akuyan da ya ƙoshi, ƙarƙashin tumbin akwai wani rami. Hannun sakatar a lanƙwashe yake zuwa ƙasa, kuma tsatsa ta kama shi, ba ya motsi. Gara ba ta taɓa itacen ba, abin da ya ba ni mamaki ke nan. A gefen hagu an rubuta Châtellerault da rubutu mai lanƙwasa irin wanda mushe yake yi mana a allo a lakwal, sai Mle 1892. A gindin bututun ta dama akwai MA C 1896. Ta hagu harafi ɗaya da lamba biyar. A sama an buga N guda ɗaya, kuma bugun ya fi sauran zurfi, ni da nake aikin ƙarfe na san ba hannu ɗaya ya buga su ba. Akwai kuma wani siririn itace mai launi dabam da aka liƙa a tsawon gefen hagu, kamar an toshe wata hanya.

Shekara 26 ina walda, ban taɓa riƙe ƙarfen da aka gyara da kyau irin wannan ba. Babu tabon walda ko ɗaya. Komai sassaƙa ne.

Abin da muka sani game da kakanmu kaɗan ne. An ɗauke shi soja lokacin yaƙin Hitila, ya dawo, ya zama gardi sarki nan Maradi har bayan samun 'yancin kai. Mu da muka tashi muka iske shi tsoho mai kiwon tumaki da sauraron rediyo, ba ya son hayaniya. A gidanmu akwai labarin cewa kumandan, Nasaran da yake mulkin yankin, ya yi masa kyautar bindiga da zai bar aiki, amma ba wanda ya taɓa ganinta, har muka ɗauka ƙarin gishiri ne.

Yanzu gida ya rabu uku. Baffana ya ce a jefa ta tsohuwar rijiya a rufe baki. Ƙanena ya ce wani maharbi zai saya. Ni kuwa so nake in san tarihinta: ta ina ta biyo ta zo Maradi, wa ya riƙe ta kafin shi, kuma shin da gaske kyauta ce. Ina jin ana cewa a ƙasashen waje akwai masu tara tsofaffin bindigogin 'yan sanda, har suna gano ofishin da kowace ta yi aiki. Mu nan akwai hanyar yin haka? Kuma in goge tsatsar da burushin inji don in ga sauran rubutun?

Tsohon soja, Tasawa

Wa alaikumus salam. Ɗana Sani, kafin komai: kada ka taɓa kunamar, kada ka buga sakatar da guduma, kada ka kusantar da ita ga wutar waldarka don ta saki. Tunda sakata ba ta buɗuwa, ba ka san ko akwai harsashi a ciki ba. Na yi shekaru ina kula da ɗakin makamai, na ga harsashin da ya girme ni ya tashi. Burushin inji kuma ka manta da shi, zai cinye rubutun da kake nema. Tsumma da ɗan man keken ɗinki ya isa, sai ka haska tocila daga gefe, rubutu zai fito da kansa.

Abin da ke hannunka musketon ne na Faransa, wato gajerar bindigar soja, ƙirar Berthier. Mutumin injiniyan jirgin ƙasa ne a Aljeriya. Faransawa sun fitar da gajeru a 1890 don mahaya dawaki da jandarmomi, sannan wannan ta 1892 don sojojin igwa, mutanen da doguwar bindiga take yi wa nauyi a wurin aiki. Mle ɗin nan shekarar ƙira ce, ba shekarar da aka yi taka ba. Taka ita ce 1896 ɗin da ke kan bututu, C ɗin kuma Shatelro, wato Châtellerault ɗin da ka gani a rubuce, garin da masana'antar gwamnati take. Da S ne, da Santetiyen ce. Masana'antar Shatelro ta rufe tun 1968.

Tumbin da ka ce, nan harsashi uku suke zama cikin wani ɗan maƙalin ƙarfe. Ana tura su gaba ɗaya ta sama, in na ƙarshe ya shiga sai maƙalin ya faɗo ta ramin nan na ƙasa. A yaƙin 1914 sun ga uku sun yi kaɗan, kuma taɓo yana shiga ta ramin, shi ya sa a 1916 suka ƙara akwatin ƙarfe mai cin biyar da murfi. Taka ba a yi mata wannan ba, da ka ga akwatin ya leƙo ƙasa. Harsashinta mai milimita 8 ne irin na Lebel, wanda aka fara a 1886, shi ne na farko da wata rundunar soja ta yi amfani da albarushi marar hayaƙi a cikinsa.

Abu biyu da idonka ya kama su ne masu daɗin. Siririn itacen nan, a wurin ne sandar goge bututu take kwanciya a da. Daga 1927 aka riƙa cire sandar ana toshe hanyar. N ɗin kuma alama ce ta cewa an gyara ta don sabon harsashin 1932. To ka ga, bindigar da aka yi a 1896 tana hannun hukuma ana yi mata gyara har bayan 1932. Ta yi wajen shekara 50 tana aiki kafin kakanka ya rataya ta. Haka Nasara yake yi, in sabuwa ta fito a ba sojan can, tsohuwa a turo wa gardi a nan.

Ka duba lambar da ke kan sakata da wadda ke kan itace, ka gani ko sun yi daidai da ta bututu.

Maganar kyauta kuwa, ban ƙaryata tsofaffinku ba, amma a aikin da na sani bindigar hukuma ba a kyauta da ita. Kowace tana da lamba a littafi, gaban lambar akwai sunan wanda aka ba, ranar barin aiki a mayar. Kumandan yana iya ba mutum bindigar farauta tasa ta kansa. Wannan dabam.

Sai magana ta ƙarshe, wadda ta fi sauran. Ka san halin rashin tsaro da ake ciki a Madarunfa da Gidan Rumji. Yau in aka iske bindiga a gidanka babu takarda, ba wanda zai tsaya karanta 1896. Ka ce wa ƙanenka ya cire maharbi daga ransa, sayarwar ta fi ajiyewar laifi. Kada kuma ka ɗora ta a babur ka ce za ka kai da kanka, a tare ka a hanya ka rasa bakin magana. Ka je wurin mai unguwa, ku tafi tare ku shaida wa jandarmomi ko komisariya, su zo su ɗauka, su ba ka takardar shaida. Ƙasar nan tana da hukumar tattara haramtattun makamai tun 1994, kuma abin da take roƙon mutane ke nan, su kawo da kansu. Kafin su zo ka ɗauki hoton kowane rubutu.

Ɗan Maradi a Grinsboro

Yaya Sani, abin da ka ji gaskiya ne, ina ganinsu a nan Amurka. Akwai wani dattijo da nake kai wa kaya, rabin falonsa akwatunan gilashi ne cike da libarba na 'yan sanda. Abin da ya sauƙaƙa musu shi ne nan kowane gari da 'yan sandansa, kowane kuma shi yake sayen makamansa, da yawa suna buga sunan ofishinsu da lambarsu a bayan mariƙin. Da suka bar libarba suka koma irin su Glock a shekarun 1980 da 1990, sai suka sayar da tsofaffin ga dillalai, daga nan suka shiga hannun mutane. Wadda ta fi yawa ita ce Smith & Wesson da aka fara a 1899, wadda daga 1957 ake kira Model 10, an yi sama da miliyan 6. Sai Colt Official Police daga 1927. Ya nuna mini wata da aka buga wa RHKP, ta 'yan sandan Hankon ce tun Ingila tana mulkinsu.

Kuma kamfanonin sun ajiye littattafansu. Ka aika da lambar da kuɗi, su aiko maka da wasiƙa mai hatimi: ranar da ta bar masana'anta, wa aka aika wa, guda nawa ne a wannan kaya. In wasiƙar ta ce ofishin 'yan sandan gari kaza, kuɗin bindigar ya ƙaru. Amma ko su ɗin, sunan ɗan sandan da ya riƙe ta ba kasafai suke samu ba, sai in iyalinsa sun ajiye takarda. Kai ga shi ka fara da abin da su suke nema su rasa.

Abin dariya, a dokar tarayyarsu duk wadda aka yi kafin 1899 kayan tarihi ce. Da a nan kake da ka rataye ta a bango. Amma Bagalam ba Grinsboro ba ce, ka bi maganar Baba tsohon soja.

Hajiya Mariama, Tibiri

Malam Sani, Allah ya jiƙan kakanka, ba ni da wata magana a kansa don ban san shi ba. Amma tunda tarihi kake nema, ka nema duka. Mu a gidanmu labarin gardi sarki ba na lambar girma ba ne. Kakata ta ce in aka hango jar dara a kan doki daga nesa, maza sai cikin karan gero, mata su ɓoye kaji. Su ne masu karɓar lanho, wato haraji, su ne masu kama samari a kai aikin tilas. Kakana an ɗaure shi a rana wuni guda saboda kuɗin mutum biyu da suka riga suka mutu amma sunansu yana littafi. Ta ce gindin bindigar aka fi sani a ƙauye, ba bakinta ba. In ka duba gindin taka ka ga ya goge, ka tuna da ni.

Mushe Ibro, Sabon Gari

Hajiya ta faɗi gaskiya, kuma takardu suna bayanta. Aikin tilas bai ƙare a ƙasashen da Faransa ta mallaka ba sai da dokar Afrilu 1946 mai ɗauke da sunan Houphouët-Boigny. In kakanka ya shiga gardi bayan ya dawo daga yaƙi, to ya shigo daidai lokacin da abin yake sauyawa, amma lanho da tsaron gidan kaso da rakiyar kumandan suna nan.

Sunan gardi sarki ma ba shi da alaƙa da sarki. Faransawa suna cewa garde de cercle, wato mai gadin yankin kumandan, kunnen Bahaushe ya ji sarki. Yawanci daga tsofaffin sojoji ake ɗaukarsu. Bayan 1960 suka zama gardin jamhuriya, a 1997 aka mayar da su FNIS, wato rundunar kai ɗauki da tsaro ta ƙasa, a 2010 kuma rundunar gardi ta ƙasa. Sunan Hausa ne kaɗai bai motsa ba.

Shawarata, ka bar bin ƙarfen ka bi mutumin. Lambar bindiga a Faransa ba za ta kai ka Maradi ba, don ba ɗaya ɗaya ake turo su da suna ba, akwati akwati ne. Amma soja yana da lambarsa da littafinsa. Ka bincika akwatunan tsofaffin gidanku: littafin soja, katin fansho, takardar lambar girma. In ka samu lambarsa da shekarar da aka ɗauke shi, takardun sojojin Afirka da suka yi wa Faransa aiki suna garin Po na Faransa, a cibiyar ajiyar takardun ma'aikatan soja, kuma iyali suna iya rubuta musu. Na zaman gardi kuwa sai gidan ajiyar takardun ƙasa a Yamai, inda rahotannin kumandodin da'ira suke. Na gwamna janar suna Dakar. Ka tuna kuma ambaliyar 1945 ta cinye tsohon garin Maradi na cikin fadama, saboda haka abin da ke hannun mutane na kafin wannan shekara kaɗan ne. Ofishin tsofaffin sojoji ma ka leƙa, su ne suka saba da cike irin waɗannan takardu.

In da ni ne, zan roƙi a rubuta a takardar miƙawa cewa iyali suna fatan a kai ta gidan tarihi na Boubou Hama maimakon a lalata. Ba na ce za a yi ba. A Agadas a Satumban 2000 ƙona makaman da aka tattara aka yi a bainar jama'a, kuma da dalili.

Sani mai walda, Bagalam

Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Ga inda aka kwana.

Baba tsohon soja, na bi maganarka. Da tocila da man keke na ga lambar itace ta yi daidai da ta bututu, amma ta sakata dabam ce, har harafin ba ɗaya ba. Watau sakatar wata bindiga ce aka sa mata. Wannan ya tsaya mini a rai fiye da yadda na zata, don ina ta tunanin inda 'yar'uwarta ta ƙare.

Ranar Talata muka je da mai unguwa. Da yamma mutum biyu suka zo da mota, babu jiniya babu hayaniya. Ƙaramin cikinsu ya juya ta ya juya, ya ce bai taɓa ganin irinta ba sai a hoto. Sun rubuta lambar, sun ba ni takarda, na sa an ƙara maganar gidan tarihi kamar yadda Mushe ya ce. Babban ya yi murmushi ya rubuta. Fatar akuyar da tsumman suna wurina, su ba a hana ba. Ƙanena kwana biyu bai gaishe ni ba.

Kafin su zo na ɗauko Gwaggo daga Mokoyo, ita kaɗai ta rage cikin 'ya'yansa mata, ta haura tamanin. Na ajiye mata bindigar a kan tabarma. Ba ta taɓa ba, ta dai daɗe tana kallo, sannan ta ce kowace Alhamis da hantsi yake warware ta a kan buhu a ƙofar ɗaki, ita ce mai riƙe masa kwalbar mai. Na ce Gwaggo, kumandan ne ya ba shi? Sai ta yi dariya har da tari. Ta ce wane kumanda? Wannan labarin kakarmu ce ta ƙirƙiro shi don kishiyoyi. Abin da ita ta sani, shekarar da aka kawo musu sababbin bindigogi aka tara tsofaffin a wani ɗaki a bariki, ruwa yana zuba a kansu. Wata rana da dare ya shigo da tasa cikin zana, ya ce shekara goma sha yana shafa mata mai, ba zai bar ta ta ruɓe ba. Daga ranar ba ta sake ganinta ba, kuma ba wanda ya isa ya tambaya.

Hajiya Mariama, na karanta mata abin da kika rubuta, ban rage komai ba. Na zaci za ta yi fushi. Ta yi shiru, can ta ce akwai wani ƙauye wajen Madarunfa da har ya mutu bai yarda ya je cin kasuwarsa ba, ko da tumakinsa sun fi daraja a can. Ba ta san dalili ba, ba ta kuma tambaya ba. Na duba gindin kafin a tafi da ita. Farantin ƙarfe ne a wurin, kuma gefe ɗaya ya fi ɗayan gogewa. Ko faretin bariki ne ya goge shi ko wani abu, ƙarfen bai gaya mini ba.

Gwaggo ta ce akwai wata gwangwanin shayi mai murfi da yake ajiye takardunsa, bayan rasuwarsa babban wanmu ya tafi da ita Konni. Na kira matarsa jiya, ta ce tana jin tana cikin kayan da ke saman kabad, za ta sa yaro ya sauko da su ranar Juma'a. Mushe Ibro, in littafin sojan yana ciki, zan zo Sabon Gari da shi ka taya ni rubuta wasiƙar Po, don Faransancina a aji shida ya tsaya.